Littafin aiki: sake naɗin moton injin niƙa mai kilowat 7.5 a Maraɗi

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Da hantsi aka sauke mini moton lantarki na wani injin niƙa daga unguwar Zariya a kan amalanke, kuma tun kafin a kwance murfinsa warin ƙonannen banish ya riga ya ba da labari. Mai injin, wani Alhaji da muka daɗe da sanin juna, ya ce wannan ne karo na uku da moton ya ƙone cikin shekara ɗaya da rabi, kuma duk lokacin da ya ƙone sai ya kai shi wurin masu naɗi, su ƙirga wayar da suka tarar a ciki, su mayar da irinta. Ya ce da ni: “Malam, ka kwaikwayi abin da ke ciki kawai, mata na can sun jera kwaryar gero suna jira.” Na ce masa: “Alhaji, in na kwaikwayi abin da ke ciki, har da abin da ya ƙone shi zan kwaikwaya. Ka ba ni mako uku.” Bai ji daɗi ba, amma ya yarda, da yake ya samu aron wani ƙaramin moto da zai riƙe masa wuri.

Farantin bayanin da ke jikin moton ya goge ta gefe ɗaya, sai dai abin da nake bukata yana karantuwa: kilowat 7.5, bolt 380 a haɗin alwatika (inda ake haɗa naɗin moton guda uku baki da baki kamar alwatika), ampiya 15.4, hats 50, juyi 1440 a minti. Juyi 1440 yana nufin kawunan maganaɗisu huɗu ne, domin a wutar da ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, wato hats 50, filin maganaɗisu mai kai huɗu yana zagayawa sau 1500 a minti, shi kuma roto, wato ɓangaren da ke juyawa a tsakiyar moton, yana biye da shi a baya da kashi 4 cikin 100. Irin moton nan ne mai roto kamar keji, wanda Mikhail Dolivo-Dobrovolsky ya ƙera a Jamus a 1889, kuma ba shi da gawayi ko wani abu mai gogayya in ban da boris biyu, saboda haka ba ya ƙonewa sau uku haka siddan.

Magana mafi amfani da na ji yau daga bakin yaron da ke tsaron injin ta fito. Ya ce ko babu hatsi a cikin injin, in moton ya yi rabin awa yana juyi, ba a iya ɗora masa hannu. Na rubuta wannan a saman takarda na ja masa layi.

Laraba, 9 ga Afrilu

Mun yanke kawunan naɗin ta gefe ɗaya, muka ɗumama ƙarfen a hankali, muka zare tsohuwar wayar gurbi bayan gurbi, wato daga tsagogin da ake kwantar da waya a jikin ƙarfen. Gurabe 36 ne. Na ƙirga wayar gurabe shida dabam dabam don kada in dogara da ɗaya, duka suka ba ni zagaye 30, na waya tilo. Na ƙone fatar wani guntu, na goge shi da tsumma, na sa a maikuromita: milimita 1.32. Da muka tattara jan ƙarfen gaba ɗaya muka ɗora a sikeli, kilo 4.3 ya yi, har da dattin banish da ke manne da shi.

Daga nan na ajiye wayar gefe na koma kan ƙarfen, domin shi ne bai canza ba tun ranar da aka ƙera moton. Faɗin ramin da roto ke juyawa a ciki milimita 136 ne, faɗin ƙarfen daga waje 210, tsawon tulin farantan 160, kaurin kowane haƙori, wato ƙarfen da ke tsakanin gurbi da gurbi, 5.6, kaurin bayan da ke haɗa haƙoran kuma 19.

Lissafin ya samo asali daga abin da Michael Faraday ya gano a 1831, cewa ƙarfin wutar da ke tasowa a naɗi ya danganta da yawan zagayensa da kuma saurin canjawar maganaɗisun da ke ratsa shi. A aikace, ana ninka 4.44 da hats 50, da yawan zagayen layi ɗaya daga cikin layukan wuta uku na moton, da adadin gyaran naɗi (ɗan ragin da ake yi saboda an baza waya a gurabe dabam dabam), da kwararar maganaɗisun kai ɗaya, sai a samu ƙarfin wutar da naɗin ke tarewa, wanda na ɗauka a matsayin kashi 95 cikin 100 na bolt 380, wato 361. Da yake kowane layi yana da gurabe uku a ƙarƙashin kowane kai, tsakanin gurbi da gurbi kuma digiri 20 ne na lantarki, adadin gyaran ya kama 0.96. Abin lura a nan shi ne ƙarfin wutar gari ba ya sassautawa don an rage zagaye. In zagaye ya ragu, dole maganaɗisu ya ƙaru ya cike giɓin, ko ƙarfen zai iya ɗauka ko ba zai iya ba.

Da zagaye 30 a gurbi, layi ɗaya yana da zagaye 180, kuma lissafi ya nuna maganaɗisun da ke tsallaka ratar iska, wato tazarar da ke tsakanin roto da ƙarfen, ya kai tesla 0.87 (tesla ita ce ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), wanda in ya matsu a cikin haƙoran nan sirara yake komawa kusan 1.93. Ƙarfen faranti irin wannan yana fara ƙoshi tun daga wajen 1.6 zuwa 1.7, bayan nan kuma duk ɗan ƙarin maganaɗisu sai an biya shi da ampiya mai yawa wadda ba ta niƙa ko ƙwayar gero ɗaya, sai dai ta zama zafi. Maganar yaron injin ke nan ta fito a takarda. Da na gwada zagaye 35, layi ya zama 210, ratar iska ta sauka zuwa 0.74, haƙora 1.65, baya 1.4, duka a inda ya kamata.

Kaurin wayar ma bai tsira ba. A haɗin alwatika kowane naɗi yana ɗaukar ampiya 15.4 a raba da 1.73, wato 8.9, kuma waya mai kauri 1.32 tana da fili murabba'in milimita 1.37 kacal, saboda haka kowane murabba'i yana ɗauke da ampiya 6.5. Ga moto rufaffe da zai yi aiki a zafin bazarar Maraɗi, ba na son ya wuce 5. Wanda ya fara wannan naɗin ya rage zagaye, ya kuma rage kauri, ya tsira da kusan kilo biyu na jan ƙarfe, waɗanda suka biyo bayansa kuma suka kwafe kuskuren da aminci. Ba na ganin laifinsu ƙwarai, domin haka aka koya wa yawancinmu, ni ma haka na fara.

Asabar, 12 ga Afrilu

Kafin in sayi ko taku ɗaya na sabuwar waya, sai da na gwada lafiyar ƙarfen, don na ga alamar toka da shuɗin wuta a jikinsa, abin da ke nuna an taɓa jefa shi cikin garwashi don a sassauta tsohon naɗi. Ƙarfen moto farantai ne masu kaurin rabin milimita, kowanne da siririn shafe da ke raba shi da maƙwabcinsa, don a datse wutar da maganaɗisu ke tayarwa a cikin ƙarfen kansa. In wuta ta cinye shafen, farantan sun zama dunƙule ɗaya, kuma ko da zinariya aka naɗa moton zai yi zafi.

Na naɗa waya mai roba zagaye 29 ta cikin ramin zuwa waje, kamar yadda ake naɗa zare a zobe, na haɗa ta da taransifoma mai ba da bolt 24, abin da ke sa maganaɗisu kusan tesla 1.3 ya zagaya bayan ƙarfen. Bayan minti ashirin na bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa. Talatin da huɗu ɗumi kawai suka yi, amma biyu da ke kusa da juna ta ƙasa sun sa na janye hannu babu shiri. Da na haska tocila na ga sawun kurfi a wurin: an doke bakin farantan har sun manne da juna. Ni da yaron shago muka shafe yammacin nan muna raba su da bakin reza, muna ɗiga banish tsakaninsu, muna goge kaifin da zarto mai laushi. Da muka sake gwaji bayan la'asar, bambancin zafin ya ragu har yatsa ba ta iya ware su da sauri. Ƙarfen zai yi.

Talata, 15 ga Afrilu

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya zo ya sa alƙaluman nan a kwamfutarsa, suka fito daidai da nawa, sai dai ya kawo shawara mai ma'ana. Ya ce: “Kawu, tunda an ƙuje haƙora biyu, kuma da tsakar dare wuta tana haurawa kusan bolt 400, me zai hana a yi zagaye 36 don ƙarfen ya samu sarari?” Mun daɗe a kan wannan. Gaskiya ne zagaye 36 zai sauke maganaɗisun haƙora zuwa wajen 1.6, amma injin niƙa ba da tsakar dare yake aiki ba, da safe ne da kuma yamma, lokacin da wuta ke yin ƙasa. Ƙarfin murɗawar irin wannan moto kuwa yana bin murabba'in ƙarfin wuta ne, ta yadda in wuta ta ragu da kashi 10, ƙarfin murɗawa zai ragu da kashi 19, kuma ƙarin zagaye yana ƙara rage shi. Ga kuma matsalar wuri: waya biyu masu kauri 1.06 da za a naɗa tare suna ba da fili murabba'in milimita 1.77, wato ampiya 5 a kowane murabba'i, amma zagaye 35 na waya biyu yana nufin zare 70 a gurbi ɗaya, wanda ya riga ya cinye fiye da kashi uku cikin huɗu na gurbin. Ƙarin zare biyu zai sa a riƙa dukan waya don ta shiga, dukan waya kuma shi ke fasa fatarta. Mun tsaya a 35.

Waya mai kauri 1.06 ba ta samu a kasuwa a nan ba, sai 1.00 da 1.12, don haka na aika Kano ta hannun wani direba da ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina. Na ce a sayo kilo 7, domin lissafina ya ba ni 6.3, kuma na nanata cewa a kankare bakin wayar a gani kafin a biya, saboda akwai alminiyam da ake shafa wa jan ƙarfe a sama, wanda ido ba ya rabewa sai an yanka.

Asabar, 19 ga Afrilu

Waya ta iso ranar Alhamis, na auna ta a wurare uku, na yanka na ga ja har ciki. Mun sassaƙa katakon naɗi iri biyu, domin tsarin bobin 18 ne, wato ƙullin naɗaɗɗiyar waya 18, a hawa ɗaya, shida ga kowane layi: 12 manya masu tsallake daga gurbi na 1 zuwa na 9, da ƙanana 6 masu tsallake daga na 1 zuwa na 8. Kowane gurbi mun shimfiɗa masa takardar kariya mai jure zafi ta ajin F, wadda iyakarta digiri 155, muka bar ta ta leƙo milimita shida ta kowane gefe, saboda a bakin gurbi ne waya ta fi gogar ƙarfe. Shigar da zare 70 aikin haƙuri ne: ana murza su tsakanin yatsu su baje, a zura su kaɗan kaɗan, a bi su da ɗan katako mai santsi, ba da sukudireba ba. Na ƙwace sukudireba daga hannun yaron shago sau biyu.

Kuskuren yau nawa ne, kuma ina rubuta shi don kada in manta. Bayan mun haɗa rukunonin, kafin ɗauri da banish, na sa batirin mota da ƙwan fitila a jere da layi ɗaya, na zagaya cikin ramin da ƙaramin kamfas. A layi mai lafiya allurar tana juyawa sau huɗu, arewa, kudu, arewa, kudu. Layi na farko da na biyu suka yi haka, amma a na uku allurar ta nuna kai iri ɗaya a wurare uku a jere. Ashe lokacin da aka kira sallar azahar na ajiye aikin ban sa alama a bakin wayoyin ba, da na dawo kuma na haɗa ƙarshen wani rukuni da farkon na gaba, alhali a wannan tsarin ƙarshe da ƙarshe ake haɗawa. Yaron ya ce: “Maigida, da mun zuba banish fa?” Da mun zuba, da sai dai a yanke a sake. Na kwance haɗin, na juya shi, allura ta yi abin da ya kamata.

Sannan na auna turjiyar kowane layi, wato yadda wayarsa ke tare wucewar wuta, wadda ake aunawa da om, da batirin nan, ina karanta bolt da ampiya in raba, domin ƙaramar mita ba ta da gaskiya a ƙasa da om biyu. Duka ukun sun ba da om 1.38 a zafin shago na digiri 33, lissafi kuma ya ce 1.31 a digiri 20, wanda in an gyara shi don zafi yake komawa daidai wurin. Wannan adadin zan bukace shi nan gaba.

Laraba, 23 ga Afrilu

An ɗaure kawunan naɗin, an ɗumama shi don danshi ya fita, an tsoma a banish har kumfa ta daina tasowa, an bar shi ya tsane. Tanda ta rabin ganga ce mai wayar risho a ƙasa da ma'aunin zafi a murfi, kuma na riƙe ta tsakanin digiri 130 da 140. An ɗauke wuta bayan awa uku, sai da muka tayar da janareta muka ƙarasa awa takwas. Da ya huce, mega mai bolt 500, wato na'urar gwada ko wuta na yoyo, ta nuna fiye da megom 200, wato om miliyan 200, tsakanin naɗi da jiki, haka ma tsakanin layi da layi. Na sa sabbin boris biyu, na mayar da fanka, na kunna shi babu kaya: ampiya 5.8, 6.1 da 5.6, wato ƙasa da kashi 40 cikin 100 na cikakken kayansa. Ya yi awa ɗaya yana juyi, na kira yaron injin ya ɗora hannu, ya bar shi a kai yana murmushi.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na ƙi yarda a zo a ɗauki moton, na bi shi har ɗakin injin da kaina, kuma abin da na tarar ya nuna naɗin rabin ciwon ne kawai. Da ƙarfe biyar na yamma na auna wuta tsakanin layukan uku, na samu bolt 392, 381 da 366. Matsakaicinsu 380 ne, wanda ya fi nisa kuma ya kauce da kusan 14, wato rashin daidaito na kashi 3.6 cikin 100. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce a ninka wannan adadi da kansa, a sake ninkawa biyu, a samu ƙarin zafin da naɗi zai sha, wanda a nan ya kai kashi 26 cikin 100. Wutar da ke zuwa mana ta babban layin kilobolt 132 daga Katsina zuwa garin Gazawa ba ta san da wannan ba. A nan cikin gida abin ya lalace. Da na bi wayoyin sai na ga firizojin ƙanƙarar Alhaji guda shida da injin waldar wani mai haya a shagonsa duk a kan layi ɗaya suke rataye, ta wata doguwar waya siririya.

Abin da ya fi ba ni mamaki yana cikin akwatin kunnawa. Tsarin tauraro da alwatika ne, inda moto ke tashi da ragaggiyar wuta kafin a ba shi cikakkiya, kuma na'urar kariyar da ke yanke wuta in kaya ya yi yawa tana zaune a kan wayoyin naɗi, inda ampiya 8.9 ke wucewa, ba a kan babban layi ba. Wanda ya ɗaura ta ya karanta 15.4 a farantin bayani, ya saita ta a 16. Ma'ana, ba za ta motsa ba sai moton ya ja kusan ampiya 28 daga layi, lokacin da hayaƙi ya riga ya tashi. Alhaji ya ce shi kam yana yabonta, domin ba ta taɓa tsayar masa da aiki ba. Na ce: “Ranka ya daɗe, mai gadin da bai taɓa tashi ba, ai ba don babu ɓarawo ba ne.” Na cire ta na sa mai ɗaukar 7 zuwa 10, na saita ta a 7.6, wato kashi 85 cikin 100 na cikakken kaya, saboda rashin daidaiton wutar. Na kuma kafa mitar ampiya a bango daidai idon mai zuba hatsi, na ja jan layi da fenti a kan 13.

Mun kankare garin da ya daskare tsakanin haƙarƙarin moton da ragar fankarsa, wanda kaurinsa ya kai ɗan yatsa, muka gyara tsayuwar fuli da bel.

Litinin, 5 ga Mayu

An raba firizojin a kan layuka uku tun makon jiya, kuma awon yau da yamma ya ba da bolt 388, 380 da 372, rashin daidaito ya sauka zuwa kashi 2.1, ƙarin zafinsa kuma bai kai kashi 9 ba. Injin walda yana nan inda yake, domin mai shi ya yi tafiya.

Na bar injin ya yi awa huɗu yana niƙan gero da dawa, allura tana yawo tsakanin 12 da 13, zafin ɗakin kuma digiri 42, wanda ya ɗara digiri 40 da masu ƙera motoci irin wannan ke ɗauka a matsayin iyakar zafin wuri. Da aka kashe, na yi sauri na kwance haɗin na auna turjiya kafin naɗin ya huce, na samu om 1.76. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa daidai da zafi, saboda haka na raba 1.76 da 1.38, na ninka da 268, wato 235 da 33 na ranar awon farko, na cire 235, na samu digiri 107. Ko an ƙara goma sha biyar don wurin da ya fi zafi a tsakiyar gurbi, akwai sauran rata mai kyau kafin 155, kuma tunda kowane ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar takardar kariya da kusan rabi, wannan ratar ita ce abin da Alhaji ya saya da kilo biyun nan na jan ƙarfe.

Na'urar kariya ta yanke wuta sau biyu a makon, duka lokacin da aka tura jiƙaƙƙen surfen masara da yawa har allura ta haura 17. Yaron ya yi ƙorafi cewa mata suna yi masa surutu in ya rage zubi, na ce ya nuna musu jan layin. Ba zan ɗaga saitin daga 7.6 ba sai an matsar da injin walda, na kuma samu awon wuta na mako guda cur, safe da yamma, wanda na bar wa yaron takarda da fensir ya riƙa rubutawa. Akwai kuma ɗan kaɗawa da nake ji ta gefen fuli, wanda nake zaton daga gindin siminti ne da ya tsage, ba daga boris ba. Ranar Asabar zan koma da magini mu ɗaga moton mu duba.